Daga yaye zuwa barbara: abin da ke hana dabba mai shayarwa ɗaukar ciki

Gwaggona da ke Mabera tana da wata jar akuya da ta haifi tagwaye bara da bazara. Wata bakwai suka wuce, 'yan awakin sun girma har sai sun durƙusa kafin su kai ga hantsa, amma ba su daina tsotso ba. Uwar kuwa haƙarƙarinta a fili, kana iya ƙirga su daga bakin zaure. Ciki shiru. Ranar da na je gaishe ta, ko zama ban gama yi ba ta ce, "Kai da aka ce ka karanci dabbobi, an ce akwai allurar da ake yi wa akuya ta ɗauki ciki. Sai ka samo mini." Na ce, "Gwaggo, allurar akwai ta. Amma ki fara raba ta da 'ya'yan nan, ki ƙara mata dusa da harawa, mu ga abin da Allah zai yi." Ta yi mini kallon wanda aka yi asarar kuɗin makaranta a kansa.

Abin da na kasa warware mata a tsakar gida shi zan warware a nan, kuma sai na bi ta hanyar da mutumin Sakkwato ba zai so ba, wato ta jikin alade. Ba ma cin sa, ba ma kiwon sa, addini ya haramta mana namansa, wannan babu ja. Amma ɗalibin likitancin dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo dole ya karanta shi, ya amsa tambaya a kansa ranar jarrabawa. Dalili kuwa, a duk dabbobin da ɗan Adam ke kiwo babu wadda alaƙar shayarwa da haihuwa ta fito ƙarara a jikinta kamar uwar alade. A wurinta abin kamar makunnin lantarki yake, a kashe ko a kunne. Wanda ya gane nata, na saniya da na akuya ba za su ba shi wuya ba.

Lissafin masu kiwon aladu a Turai da Amurka a tsare yake. Ciki kwana 114 ne, ɗalibai na haddace shi da wata uku, mako uku, kwana uku. Shayarwa kwana 21 zuwa 28. Dokar Tarayyar Turai ta tsayar da kwana 28, sai wanda ya tanadi ɗaki na musamman ga 'ya'yan ne aka yarda ya rage mako guda. Duk tsawon shayarwar nan uwar ba ta neman namiji. Ranar da aka kwashe 'ya'yan kuwa, a fara ƙirga: cikin kwana 4 zuwa 7 mafi yawansu sun fito neman barbara. Haɗa 114 da 28 da 5, ka samu 147, wato haihuwa kusan biyu da rabi a shekara. Tabbacin wannan lissafi ya sa manyan gonaki kan yaye iyaye masu yawa rana ɗaya, a ce Alhamis, sun san Litinin da Talata ranakun barbara ne. Ko allura ɗaya ba a yi ba, yaye kaɗai ya haɗa kan garken.

To wa ya kai wa gidan ƙwai labari cewa 'ya'ya sun tafi?

A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan yanki da ake kira haifotalamus. Shi ke fitar da wani sinadari mai suna GnRH, ɗaya daga cikin sinadaran da ake ce wa homon, wato 'yan aiken da ke bin jini suna kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata. Aiken GnRH ba shi da nisa. Wata 'yar tsoka ce da ke rataye a ƙarƙashin wurin, fituwitari, da kaɗan ta wuce ƙwayar wake. In saƙo ya iso mata sai ta saki nata 'yan aike biyu, FSH da LH, su gangara cikin jini har gidan ƙwai. A can kowane ƙwai yana kwance cikin 'yar jakar ruwa. FSH ke tayar da jakunkunan su soma girma, LH ke ƙarasa renonsu, kuma shi ne daga ƙarshe ke fasa su ƙwai ya fito.

Wani abin mamaki, a jikin aladen aka fara gano siffar GnRH. Andrew Schally da abokan aikinsa a Amurka sun tara wannan ɗan yanki na ƙwaƙwalwa daga ɗimbin aladu a mayanka, suka yi ta tacewa, a 1971 suka bayyana cewa sarƙa ce mai ƙulli goma kacal. Abokin hamayyarsa Roger Guillemin da na tumaki ya yi nasa aikin, ya tarar da abu iri ɗaya. Su biyun suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel a 1977. Ke nan saƙon da ke tashi daga kan alade shi ne ke tashi daga kan tunkiya da akuya da saniya, ba ragi ba ƙari.

Yadda ake aika saƙon shi ne gundarin maganar. GnRH ba kwarara yake yi ba, ɗigo-ɗigo yake fita, a saki kaɗan, a yi shiru, a sake saki. A 1978 Ernst Knobil ya nuna haka a jikin birai: da aka riƙa ba su sinadarin sau ɗaya kowace awa, fituwitari ta amsa, da aka sakar musu shi ba yankewa, sai ta daina amsawa. Wanda gidansa ke jikin injin niƙa, bayan mako guda ba ya ƙara jin ƙarar. Amma a ƙwanƙwasa masa ƙofa sau uku, zai ce wane ne. Haka fituwitari take. Abin da ke yanke hukunci shi ne sau nawa aka ƙwanƙwasa a yini. In ƙwanƙwasar jefi-jefi ce, jakunkunan ƙwai su soma girma su tsaya. In ta yi yawa, su kai gaci.

Yanzu a dubi uwa mai shayarwa. 'Ya'ya goma sha biyu ko fiye suna rububin nono kusan kowace awa, dare da rana. Duk tsotso ɗaya saƙo ne da ke bin jijiya ya hau gadon baya har ƙwaƙwalwa, kuma abu uku yake jawowa. Oksitosin ya fito ya matse hantsa nono ya sauko, saukowar da a jikin alade ba ta wuce daƙiƙa goma zuwa ashirin, shi ya sa ɗan da ya yi sanyin jiki ke kwana da yunwa. Furolaktin ya tashi ya riƙe aikin haɗa nono. Na ukun shi ne namu: ƙwaƙwalwa ta fitar da wasu sinadarai nata na kanta, dangin masu kashe zafin ciwo, su danne masu sakin GnRH. Ƙwanƙwasa ta ragu, LH ya yi ƙasa. Jakunkunan ƙwai suna tasowa, amma kafin su wuce milimita huɗu ko biyar sai su lalace, wasu su biyo baya su ma su lalace. An daɗe ana ɗora wa furolaktin laifin duka, har yanzu ma za ka ji ana faɗin haka a aji. Binciken baya-bayan nan ya fi ba tsotson kansa nauyi, wato saƙon jijiyar nan da ba ya yankewa.

Da an kwashe 'ya'ya, cikin 'yan awoyi furolaktin ya faɗi. Ƙwanƙwasar GnRH ta ƙaru har ta kai kusan sau ɗaya a awa, LH ya bi sahu. Daga cikin ƙananan jakunkunan da ke jira, goma sha biyar zuwa ashirin da biyar su fice, cikin kwana uku zuwa huɗu su kumbura su kai milimita bakwai ko takwas. Suna girma suna zuba wani homon, istirojin, kuma shi ne ke fito da alamun da mai kiwo ke gani da ido: gaban dabbar ya kumbura ya yi ja, ta rage cin abinci, ta kasa zama wuri ɗaya, in aka danna mata gadon baya ta ƙame kamar an dasa ta. Istirojin ɗin yana da wani hali. In kaɗan ne, hana ƙwaƙwalwa yake yi. In ya taru ya wuce wani mizani, sai ya juya ya zuga ta, fituwitari ta saki LH ɗinta gaba ɗaya kamar an fasa madatsar ruwa. Wannan ambaliya ce ke fasa jakunkunan.

Neman barbarar kan ɗauki kwana biyu zuwa uku, ƙwai kuma yana fita ne idan kashi biyu cikin uku na lokacin ya wuce. A nan akwai wata dabara da masu gona suka koya da asara. Uwar da ta fito da wuri, a kwana na uku ko na huɗu, nata lokacin mai tsawo ne, ana iya jinkirta mata. Wadda ta makara har kwana na shida, nata gajere ne, da an gan ta sai a haɗa ta da namiji ko a ɗura mata maniyyi. Maniyyi na iya jira kimanin awa 24 a cikin jikinta, ƙwai kuwa 'yan awoyi ne ya mutu. Don haka gara maniyyi ya riga zuwa ya jira.

A gurbin kowace jakar da ta fashe wani curi mai launin rawaya ke tsirowa, yana fitar da furojestaron, homon ɗin riƙon ciki. Muddin yana nan, ƙofa a rufe take, babu sabon ƙwai. In ciki bai shiga ba, bayan kimanin mako biyu mahaifa ta fitar da furostagilandin ya narkar da curin, zagaye ya dawo, kwana 21 ke nan. In ya shiga, 'yan tayin ne da kansu ke aika saƙo a wajen kwana na 11 zuwa 12 cewa muna nan, kada a taɓa curin. A jikin alade sai sun kai aƙalla huɗu kafin mahaifa ta ji muryarsu. A riƙe maganar curin nan, za mu dawo kanta.

Da tsotso ne kaɗai makulli, da magana ta ƙare. Akwai na biyu, kuma shi ne ya fi damun mu a ƙasar nan: yunwa. Uwar alade ta zamani tana ba da nono lita goma ko fiye a yini, ba ta kuma iya cin abin da zai biya wannan bashi, sai ta koma cin jikinta, kitse ya tafi, tsoka ta bi. Ƙwaƙwalwa tana da masu kai mata rahoto. Insulin ya yi ƙasa, leftin da kitse ke fitarwa ya yi ƙasa, wani mai suna IGF-1 da hanta ke yi shi ma haka. Fassarar rahoton ɗaya ce, rumbu ya kusa ƙarewa, ba lokacin ƙara baki ba ne. Uwar da ta rame ƙwarai ko an yaye ta sai ta yi jinkiri, ƙwanta ba su cika ba, haihuwa ta gaba 'ya'ya su ragu. Mai haihuwar fari ta fi shan wannan wuya domin ita kanta ba ta gama girma ba, shi ya sa haihuwarta ta biyu kan gaza ta farko. An kuma lura cewa waɗanda suka fito tsakanin kwana 7 da 10 bayan yaye sun fi ƙarancin ɗaukar ciki a kan na kwana 4 da 5.

Zafi ma ta nan yake shiga. Alade ba ya gumi, uwa mai shayarwa ta fi walwala in zafin wuri bai wuce digiri ashirin da 'yan kai ba, da ya haura sai ta rage ci. A Turai suna kukan rashin haihuwar lokacin zafi da yanayin da mu a watan Afrilu, ana digiri 42, za mu kira shi ni'ima. Gaggawar yaye ita ma tana da nata sharri, domin mahaifa na buƙatar kimanin mako uku kafin ta koma daidai.

Sai namiji. A kumfar bakin namijin alade akwai wani wari da ke tayar da ƙwanƙwasar nan. Shi ya sa tun kashegarin yaye ake zagayawa da shi gaban iyayen kullum, hanci da hanci, na 'yan mintoci.

Yanzu mu zo kan allurar Gwaggo. Duk magungunan da ake amfani da su kwaikwayon ɗaya daga cikin 'yan aiken nan suke yi. Wanda ya fi suna a harkar aladu shi ne PG600, haɗin homon biyu: awo 400 na eCG da awo 200 na hCG. Na farkon daga jinin goɗiya mai ciki ake samun sa, an gano shi tun 1930, kuma har yau akwai gonaki a Ajantina da Yurugwai da Aisilan da ake kiwon goɗiyoyi don jininsu, abin da masu kare haƙƙin dabbobi ke ta ƙorafi a kai. Na biyun daga fitsarin mata masu juna biyu ake tace shi. Ɗaya ya tsaya a madadin FSH, ɗaya a madadin LH, wato an tsallake ƙwaƙwalwa an tafi gidan ƙwai kai tsaye. Ana yin sa ranar yaye ga mai haihuwar fari, ko lokacin zafi, ko ga wadda ta wuce mako ba ta fito ba. In kuwa dabbar ta riga ta yi ƙwai a ɓoye, curin rawaya yana nan, kuɗi ne aka zubar.

Akwai kuma wanda ake sayarwa da sunan Regumate, kwaikwayon furojestaron ne da ake zubawa a abinci. Shi rufe ƙofa yake yi da gangan. Ana ba budurwar alade na kwana 14 zuwa 18, in an tsayar sai duk su fito tare cikin kusan mako guda. Wasu kan ba uwar da ta rame na 'yan kwanaki bayan yaye don ta samu ta murmure kafin ƙwai ya soma girma, kuma a ganina wannan ne amfani mafi hankali a cikinsu duka, domin lokaci yake saya wa dabbar. Na uku kwaikwayon GnRH ne, ana ba da shi wajen kwana huɗu bayan yaye don ya tayar da ambaliyar LH a lokacin da aka sani, a ɗura maniyyi sau ɗaya kashegari. A lura, a duk ukun babu wanda ke sa wa dabba tsoka a jiki, kuma uwa mai shayarwa sai an zo yaye ake yi mata su.

Saniyarmu, ko Gudali ce da makiyaya ke kira Bokoloji, ko Rahaji ce, ko Bunaji ce, cikinta wata tara ne da 'yan kwanaki. Mai son maraƙi duk shekara dole saniyarsa ta ɗauki ciki cikin kimanin kwana 80 bayan haihuwa. A ruga kuwa haihuwa shekara biyu-biyu ba baƙon abu ba ne. Makullin saniya bai kai na alade ƙarfi ba, a hankali yake sassautawa ko da maraƙi na tsotso, amma in yunwa ta haɗu da shi sai ya yi watanni a datse.

Wani abin lura: saniyar madara ta Turai, wadda ake ɗauke wa maraƙi tun ranar haihuwa, inji ke tatsar ta lita talatin a yini, sau da yawa cikin wata guda ta yi ƙwai. Ashe tatsa ba ta rufe ƙofa kamar yadda maraƙi ke rufewa. Masu bincike a Teksas sun nuna cewa sanin da saniya ta yi wa ɗanta, ta ido da ta hanci, yana cikin abin da ke danne LH. Bafulatana ba ta buƙatar a gaya mata ƙarfin wannan shaƙuwa. Ta san saniyarta ba ta sakin nono sai an kwanto maraƙi daga dangwali ya fara tsotsa. Kwanan da maruƙa ke yi a dangwali nesa da iyaye ma rage tsotso ne, ko da ba don haka ake yi ba. Masu kiwon zamani sun ɗora a kan wannan: a raba maraƙi da uwa na awa 48, inda ba ta ganinsa, bayan ya yi wata biyu, ƙwanƙwasa ta ƙaru, wasu shanun su fito. Sharaɗi dai saniyar tana da ɗan jiki, maraƙin kuma a ba shi inuwa da ruwa da abinci. A yi wannan ga ramammiyar saniya a tsakiyar bazara, an wahalar da uwa da ɗa a banza.

Ga wata matsalar kuma. Ƙwan farko bayan haihuwa sau da yawa a ɓoye yake fita, babu alama. Shanu masu tozo kuma neman barbararsu gajere ne, yakan faɗo cikin dare. In bijimi na cikin garke ba komai, shi ba ya barci a kan aikinsa. Wanda ke jiran a kawo masa maniyyi daga wuri irin NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika kusa da Zariya kuwa, a nan ne homon ke da amfani na gaske, domin shi ke sa a san ranar da za a yi ɗurar ba tare da an kwana ana gadin saniya ba.

Ɗan Adam Allah ya karrama shi, ba a jera shi da dabba, amma wannan tsari yana jikinsa. Iyayenmu mata da ke gudun kwanika sun san shayarwa na jinkirta ciki. Likitoci sun ƙayyade abin: kariyar tana da ƙarfi ne a wata shida na farko kawai, in nono zalla jariri ke sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Bayan nan ba abin dogaro ba ce, ko da za a shayar har shekara biyu.

Jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare, ba ta da lokacin barbara a shekara kamar awakin ƙasashen sanyi, waɗanda tsawon yini ke juya su. Ko yaushe tana iya ɗauka. Cikinta wata biyar, zagayenta kwana 21, na tunkiya 17. In tana ƙoshi tana iya neman bunsuru da 'ya'ya a gindinta, wata ɗaya ko biyu bayan haihuwa. Haihuwa uku a shekara biyu abu ne mai yiwuwa: wata biyar na ciki, uku na shayarwa da murmurewa. Saboda haka in ka ga jar akuya ta yi wata bakwai shiru, ruwa ba ya tsami banza. Ta Gwaggo makulli biyu ne suka haɗu a kanta, tagwaye masu tsotso da ƙarancin abinci. Da na bincika sai na tarar da na uku, wanda ba homon ba ne ko kaɗan: babu bunsuru a gidan.

Wannan na uku ya zama ruwan dare. Gidaje da yawa mata kawai suke riƙewa, namiji da ya tasa a dandaƙe shi ko a kai shi Kara, a bar wa bunsurun titi aikin. Da damina kuma dabbobi na turke saboda gonaki, akuya ta yi ta kuka tana kaɗa wutsiya kwana biyu, babu mai zuwa, a ce ba ta haihuwa. Da kaka ta yi aka sake su, ga abinci a gona, ga bunsuru. Warin bunsuru ko rago da mace ta daɗe ba ta ji ba yana tayar da LH cikin mintoci, ƙwai ya biyo cikin kwana biyu zuwa uku, ko da yake a tumaki na farkon yakan zo a ɓoye, sai a zagaye na gaba ake ganin alama. Ba a sani ba an yi abin da gonakin Turai ke biyan kuɗi su yi. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba: cikin da aka ɗauka a Nuwamba ko Disamba, a Afrilu ko Mayu za a haife shi, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta yi tsada, zafi ya kai maƙura. Uwa ta shayar cikin yunwa, ta rame, ta makara, zagayen ya maimaita kansa.

Maganar curin rawaya da na ce a riƙe, ga inda take da haɗari. Cikin allurai da ake kira na haihuwa akwai furostagilandin, wanda aikinsa narkar da curin ne don dabba ta fito barbara. Akuya kuwa, kamar alade, curin nan ne ke riƙe mata ciki daga farko har ƙarshe. A yi mata allurar tana da ƙaramin cikin da ba a lura da shi ba, ko babba, ɓari za ta yi. A jikin tunkiya, mabiyiya kan karɓi aikin bayan kimanin wata biyu, saniya kuma tana cikin haɗari har wajen wata biyar. In kuwa dabbar ba ta da curin sam, kamar ramammiyar akuya mai shayarwa, allurar ba ta da abin narkarwa, ruwa aka tsira mata. Dekzametazon da ake yawan yi wa dabba in ta yi rashin lafiya shi ma yana jawo haihuwa kafin lokaci in ciki ya tsufa. Su kansu masu riƙe magungunan ba su tsira ba: furostagilandin da Regumate suna ratsa fata, mace mai juna biyu ba ta taɓa su, mai asma ma ya yi nesa da na farkon. Shi ya sa ba na son ganin ana sayen su a kasuwa kamar gishirin lasa. Akwai hanyar da ta dace ga awaki da tumaki, wani soso mai furojestaron da ake sa wa a gaban dabba na kusan mako biyu, a cire a yi mata eCG, amma aikin likita ne, bayan ya tabbatar babu ciki kuma jiki ya yi kyau.

Gwaggo dai ta sayar da namijin cikin tagwayen, ta ɗinka wa uwar jaka da tsohon zane ta ɗaure mata a hantsa saboda ta macen. Dusa da ƙowa safe da yamma, da ɗan kanwa a ruwa. Bayan mako uku muka aro bunsuru daga maƙwabta, ya cika gidan da wari har jikokinta suka ƙaurace wa tsakar gida. A watan Disamba akuya ta ɗauka. Na ƙirga mata da yatsu, haihuwa ta faɗo a Mayu, na ce ta sayi harawa tun yanzu da sauran arha a jibge a kan rufin ɗaki. Ta saya, amma tana ba ni kuɗin ta ce, "Ɗan nan, da ka kawo allurar tun farko, da ban yi wannan ɗawainiya ba."